Ƙarfe A Ƙugu: Jinyar Da Ba A Yi A Kwance

 Tun ranar da aka ga yayanmu ya koma shagonsa yana takawa babu ɗingishi, mutane ba su bar mu mun huta da tambaya ba. Wani ya tare mu a ƙofar masallaci, wata ta ja mu gefe a wurin suna, wasu kuwa har gida suke sallama. Akwai mai tambaya saboda tsohuwarsa da ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, akwai mai tambaya saboda ɗansa mai amosanin jini da ya fara jan ƙafa. Kusan kowa abu biyu yake son ji: wane asibiti, kuma nawa aka kashe. Tambayoyi ne masu kan gado, amma akwai ta uku wadda har yau ba wanda ya yi mana, wato me ake yi da mutum bayan an sallamo shi an kawo shi cikin gidan zango irin namu. A kan wannan muka roƙi fili a wannan wata. Mu huɗu ne ƙannensa da muka yi jinyar, tare da matarsa da mahaifiyarmu, don haka da baki ɗaya za mu yi magana.

Yaya tela ne a Aboabo nan Kumasi, kuma yana da shekara 43 lokacin da aka yi masa aikin. An haife shi da amosanin jini, wanda yanzu aka fi sani da sikila, irin wanda likitoci ke rubutawa SC a kati. Wannan ciwo ba baƙo ba ne a Ghana, domin cikin jarirai 100 da ake haifa akan sami kamar 2 da shi, kuma kowace ƙabila da sunan da take kiransa. Maƙwabtanmu Tonawa da harshensu na Twi ahotutuo suke ce masa. Shahararren likitan nan ɗan ƙasa, Felix Konotey-Ahulu, ya bi diddigin ciwon cikin danginsa har zuwa shekarar 1670. A nan Kumasi ne kuma aka fara gwada jinin jarirai sabbin haihuwa a 1995, ƙarƙashin Farfesa Kwaku Ohene-Frempong. Yaya ya riga wannan gata zuwa duniya da shekara 15, saboda haka sai da ya zama saurayi aka san sunan abin da ke kwantar da shi duk lokacin sanyi.

Yadda likita ya yi mana bayani shi ne, kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana zaune cikin wani kwarmi a ƙashin ƙugu yana juyawa kamar taɓarya a turmi. Hanyoyin jinin da ke ciyar da wannan kai kaɗan ne, sirara kuma. In jinin mai sikila ya toshe su, sai ƙashin ya rasa abinci ya mutu sannu a hankali, ya lotsa, santsinsa ya tafi ya koma yana gugar kwarmin. Abin mamaki, a gwiwa da matsematsi Yaya ya fi jin zafin, shi ya sa gwiwar ta sha man zafi shekara da shekaru alhali ba ta yi laifin komai ba. Masu ɗori na zango kuwa muna girmama su, mun ga hannayen da suka ɗora suka warke sumul. Amma ɗori na ƙashi mai rai ne da ya karye. Wanda ya mutu ya lotsa, babu karan da za a jera masa.

A watan Yuli na 2023 aka yi aikin, a ƙugun dama. Ba za mu daɗe a kansa ba tunda ba mu shiga ɗakin ba. An yi masa ƙarin jini kafin ranar, aka yi masa allura a gadon baya wadda ta kashe rabin jikinsa na ƙasa, aka yanke mataccen kan aka fitar, aka zura ƙarfe mai ɗauke da sabon kai cikin ɓargon ƙashin cinya, aka kafa wani ɗan kwano mai shimfiɗar roba mai tauri cikin kwarmin. Duka bai cika awa uku ba. Wani likita Bature mai suna John Charnley ne ya daidaita aikin a wannan siga a 1962, a asibitin Wrightington da ke Ingila, kuma ana yin sa a ƙasar nan, a Komfo Anokye da Korle Bu, da asibitin ƙashi na St. Joseph a Koforidua, da FOCOS a Pantang kusa da Accra. Mai niyya ya sani tun da wuri cewa ƙarafan suna cikin abubuwan da katin inshorar lafiya bai ɗauke wa mutum ba. Namu kuɗin na taron dangi ne: adashin matarsa, gudummawar 'yan uwansa teloli, abin da aka tara a masallaci Juma'a biyu, da wanda ƙanin babanmu ya aiko daga Jamus. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Washegarin aikin da hantsi sai ga wata ma'aikaciya, irin waɗanda ake ce wa fisiyo, ta shigo da wani ƙarfe mai ƙafa huɗu da ake dafawa, ta ce Yaya ya tashi. Mma tana zaune bakin gado da tasbaharta. Da muka fassara mata abin da ake nufi, sai ta miƙe ta ce, "Mutumin da aka yanka jiya-jiya? Ku gaya mata ta ji tsoron Allah." Muka isar da saƙon, ko da yake mun ɗan rage masa gishiri. Matar ba ta yi fushi ba, da alama ta saba da iyaye mata. Ta zauna ta bayyana cewa ƙafar da aka yi wa irin wannan aiki in ta kwanta ba motsi, jini na iya daskarewa cikin jijiyarta, gudan ya ɓalle ya tafi huhu, kuma wannan yana kisa cikin ɗan lokaci. Ga mai sikila kuma akwai ƙari, domin doguwar kwanciya tana hana numfashi kaiwa ƙasan huhu, ciwon ya tashi a ƙirji, wanda shi ne abin da likitoci suka fi tsoro bayan aiki. Yaya ya tashi yana gumi, ya taka daga gado zuwa ƙofa ya dawo. Mma ta kau da kai ga bango har aka gama.

Tun daga nan muka gane wannan jinya za ta yi karo da tarbiyyarmu. Mu a wurinmu wanda ya iya kula da majinyaci shi ne wanda ba ya barinsa ya ɗaga ko tsinke. A kwantar da shi, a lulluɓe shi, a kawo masa koko da ƙosai har shimfiɗa, in ya yunƙura a ce masa "kwanta abinka, me kake so a miƙo maka?" Da haka muka ga an yi jinyar kakanninmu, kuma haka muke fatan a yi tamu. To ga shi an zo da wata iri wadda ƙauna a cikinta ita ce ka ajiye ruwan shan mutum a can gefen ɗaki ka ce ya je ya ɗauko. Mma ta kwashe kusan mako biyu tana kallonmu kamar marasa imani. Ba mu ga laifinta ba, uwa ce. Abin da ya sauko da ita shi ne muka ba ta aikin ƙidaya: duk bayan salla ita ke zama da tasbaha tana lissafa motsa idon sawu da miƙe gwiwa da fisiyo ta rubuta, kuma ba a taɓa samun mai tsanani irinta ba. In ya yi tara ya ce goma, ta ji.

Bayan kwana biyar aka sallame shi da takarda mai shafi biyu cikin Turanci. Da yake ta bayan ƙugu aka shiga aka yi aikin, an gindaya masa dokoki na mako shida zuwa goma sha biyu, kafin naman da aka tsaga ya haɗe ya riƙe sabon kan. Kada gwiwa ta ɗago ta wuce ƙugu in yana zaune, kuma kada ya sunkuya ya kai hannu ƙasa. Kada ya harɗe ƙafa ɗaya kan ɗaya. Kada ya murɗa ƙafar zuwa ciki. In aka karya ɗaya daga ciki, kan na iya gocewa ya fita daga kwanonsa, sai an koma asibiti an sa mutum barci kafin a mayar. Mun ji waɗanda aka shiga musu ta gaba ba a ɗora musu dokoki da yawa haka, saboda haka kowa ya riƙe abin da likitansa ya gaya masa, kada ya ce ai ga abin da muka karanta.

Wanda ya rubuta takardar nan, gidan da ake zama kan kujera a ci abinci kan tebur yake tunani. Mu kuwa rayuwarmu a ƙasa take. A tabarma muke hira, a ƙasa muke kewaye kwanon tuwo, katifa a ƙasa, alwala a tsugunne, girki kan kujera 'yar tsugunno, bayan gida na tsuguno, salla kuwa goshi sai ya taɓa ƙasa. In ka ɗauki dokar farko kaɗai ka zaga da ita cikin gidanmu, ba za ka sami wuri ɗaya da Yaya zai iya zama ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka tun yana asibiti biyu daga cikinmu suka tsaya a gida da kafinta. Yaya da kansa ya ba da awo daga kan gadon asibiti, tela ba ya rabo da tef: daga ƙasa zuwa lanƙwasar gwiwarsa, a ƙara inci biyu. Duk abin da zai zauna a kai sai ya kai wannan tsayi. Aka yi kujerar katako mai madafar hannu, aka aro gado aka ɗora ƙafafunsa kan bulo, aka naɗe tabarmi da ledar ɗaki da ta ɗaɗe, aka ɗaure wayar fanka a jikin bango.

Sai maganar da ba a son yi a bainar jama'a, amma wanda ya ɓoye ta bai taimaki kowa ba. Gidanmu gidan haya ne, iyali tara, bayan gida ɗaya na tsuguno, wasu gidajen ma sai na kuɗi a bakin titi. Kafinta ya yi wata kujera mai rami a tsakiya, da fo a ƙarƙashi, aka kafa labule a lungun ɗaki. Matarsa da autanmu ne suka ɗauki nauyin fitar da shi safe da dare har wata biyu, ba su taɓa bari ya ga sauyi a fuskarsu ba. Masu kawo lemo da madara muna godiya, amma a wurinmu waɗannan biyu su ne suka yi jinya. A sani kuma magungunan kashe zafi masu ƙarfi suna ɗaure ciki, don haka miyar kuɓewa da ayoyo da gwanda da ruwa mai yawa suka zama abincin kullum, ruwan ma dama wajibi ne ga mai sikila. Wanka kuwa kan doguwar kujerar roba, bokiti kan benci, bayan an kankare gansakukar banɗaki, kuma ba a bar ruwa ya taɓa ciwon ba sai da aka cire ɗinki a rana ta 14. Soson ragar nan namu mai tsawo ya yi rana, da shi yake kaiwa ƙafa ba tare da ya sunkuya ba.

Duk wannan aikin katako ne da bulo, an gama shi cikin kwana huɗu. Wanda ya fi wuya shi ne na kunya. Yaya mutum ne da tun tasowarsa bai taɓa gaida babba a tsaye ba. Rana ta uku da dawowarsa Kawu ya zo dubiya da dattawan unguwa biyu. Aka shimfiɗa musu darduma suka zauna a ƙasa, shi kuwa yana can sama kan kujerarsa kamar sarki a fada, ƙafa a miƙe tana nuna baƙi. Muka ga ya dafa hannun kujera yana neman zamowa. Ɗayanmu ya riƙe kafaɗarsa ya ce, "Kawu, a gafarce shi, likita ya hana shi durƙusawa, in ya yi ƙarfen zai goce." Kawu ya dube shi ya ce, "Kai, zauna inda kake. Kuɗin da muka tara kake so ka zubar don ka gaishe ni?" Aka yi dariya, amma bayan sun tafi Yaya ya daɗe bai yi magana ba. Daga ranar muka sa ɗayanmu ya riƙa tarar baƙi tun a zaure yana yi musu bayani kafin su shiga, muka kuma aro kujeru biyu don duk babban da ya zo ya zauna daidai da shi. Muna roƙon dattawanmu, in kun je duba mai irin wannan aiki, ku riga shi cewa kada ya sauko. Daga bakinku maganar ta fi sauƙi.

Haka kuma salla. Limaminmu ya zo har ɗaki ya tunatar da shi abin da ya karanta tun yana yaro a Ahalari, inda aka jera halayen mai salla daga tsayuwa zuwa jingina, zuwa zama, har zuwa kwanciya, kowa gwargwadon ikonsa. Yaya yakan yi kabbara da karatu a tsaye yana dafe da ƙarfensa, sa'an nan ya zauna kan kujera ya yi nuni da kai a madadin sujada. Ƙafar dama kuwa wani ke wanke masa in ya zo alwala. Da ya fara fita masallaci a mako na biyar sai wata 'yar matsala ta taso. Fisiyo ta koya masa cewa wajen hawa mataki ƙafa mai lafiya ke fara hawa, wajen sauka mai ciwo ke fara sauka, sanda kuma a hannun da ke ɗaya gefen, wato hagu. Masallacinmu yana da mataki biyu, ga shi an saba shiga da dama, damar kuwa ita ce mai ƙarfe. Liman ya raba gardama da cewa mataki ba masallaci ba ne: ya hau da hagu, in ya kai dokin ƙofa ya sa dama. Kwanciya kan ɓarin dama ma sai da ya haƙura da ita, ya yi makonni yana kwana rigingine da matashi tsakanin ƙafafu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne kujera a ƙarshen sahu tare da tsofaffi masu shekara tamanin. Sai bayan wata shida likita ya nuna masa yadda zai kai goshi ƙasa da yadda zai tashi, amma tsuguno irin na bayan gida ya ce ya manta da shi.

Masu dubiya kuwa kowa da maganinsa a aljihu, kuma duk da kyakkyawar niyya. Goggo ta zo da tawul tana son gasa wurin da ruwan zafi kamar na mai jego. Wani abokinsa ya kawo wanzami ya ce a yi ƙaho a zuƙe mataccen jinin da ya sa cinyar kumburi. Wannan kam mun tsaya kai da fata. Na farko, Yaya yana kan maganin hana jini daskarewa, wanda aka ba shi na kusan mako biyar, tsaga kaɗan sai jini ya ƙi tsayawa. Na biyu, ƙarfe ba nama ba ne, jini ba ya ratsa shi, in ƙwayar cuta ta samu ta maƙale a jikinsa magani ba ya kai mata yadda ya kamata, wani lokaci sai an buɗe an cire ƙarfen gaba ɗaya. Wannan doka ba ta mako shida ba ce, ta har abada ce: maruru, ciwon haƙori, zafin fitsari, gyambon ƙafa irin na masu sikila, duk a yi maganinsu da wuri a kuma gaya wa likita akwai ƙarfe a jiki. Rubutun sha da addu'a mun karɓa hannu biyu. Jiƙe-jiƙen da ba mu san abin da ke ciki ba mun karɓa mun gode mun ajiye bayan ƙofa. Magungunan zafi kuma Mma ta kulle a akwatinta tana bayarwa da ƙidaya, don kowa ya san abin da tiramol ya yi wa samarin zango, gidan kuwa ba ya rabo da masu shiga da fita.

A mako na uku wani dare jikinsa ya yi zafi yana rawar sanyi. Duk gidan aka ce zazzaɓin sauro ne, a sayo magani a kemis gari ya waye. Takardar asibiti kuwa ta lissafa abubuwan da ba a kwana da su a gida: zazzaɓi, ciwon ya yi ja ko yana fitar da ruwa, sha-raɓa ta kumbura tana zafi, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, ko ƙafar ta gajarce farat ɗaya ta karkace. Muka tashi maƙwabcinmu mai tasi ƙarfe ɗaya na dare. Aka gwada jini, sai ga shi zazzaɓin sauron ne. Mma ta ce, "Ban faɗa muku ba?" Ta faɗa kuwa. Amma likitan da ke aiki a daren ya buɗe ciwon ya duba, ya saurari ƙirjin, ya matsa sha-raɓar, ya auna yawan jininsa kafin ya ce mu tafi, kuma waɗannan abubuwa huɗu ba a sayar da su a kemis. Zazzaɓin sauro ma ga mai sikila da aka yi wa aiki ba abin wasa ba ne.

Maganar tasi ta kawo mu ga kuɗi. Jama'armu akwai taimako, in aka ce za a yi wa wane aiki kowa yana sa hannu a aljihu. Amma da an ji an fito lafiya sai a ce alhamdu lillahi, a rufe littafi, alhali a lokacin ne ƙananan ɗawainiya ke farawa. Mai sabon ƙugu ba ya shiga pragya tana tsalle da shi cikin ramuka, ba ya cusa kansa bayan trotro gwiwa na taɓa haɓa, balle goyon babur. Sai tasi, gidan gaba, a tura kujera baya a ɗora matashi, ya juya baya ya fara zama sa'an nan a shigar da ƙafafu tare. Zuwa wurin fisiyo sau biyu a mako, kuɗin hoto, kuɗin magani, ga shago a rufe wata uku da yara huɗu a makaranta. Shawararmu ga duk dangin da za su yi irin wannan taro ita ce su ware wani kaso tun farko su ce wannan na bayan aiki ne, kada a taɓa. Mun san wani a unguwa da aka yi masa aiki mai kyau, kuɗin mota ya hana shi komawa wurin fisiyo, har yau yana tafiya yana karkata kamar ba a yi ba, domin naman ɗuwawu da ke riƙe ƙugu in bai yi ƙarfi ba, ɗingishi ba ya tafiya ko da ciwo ya tafi.

Yaya ya bar ƙarfe mai ƙafa huɗu ya koma sanduna biyu, daga nan ɗaya, a wata na uku ya jingine ta bayan ƙofa. Kwanakin farko yakan yi ƙorafi wai an ƙara masa tsawon ƙafa, har ya sa a auna da tef. Likita ya ce ƙafar ce ta koma tsawonta na asali, jikinsa ne ya saba da gajeriyar. Sai a lokacin ya gaya mana abin da ko matarsa ba ta sani ba: shekara shida ke nan duk wandon da ya ɗinka wa kansa yana rage wa ƙafar dama kusan inci ɗaya don kada a lura. Aikin farko da ya yi da ya koma shago shi ne warware kalmasar wandunansa. Ya ɗaga kujerar ɗinkinsa, ya sa wa keken mota don ya huta da taka feda, kuma ya ɗaura wa kansa dokar tashi ya zaga duk bayan rabin awa, wadda ba ya cikawa in salla ta matso.

Komawa asibiti a mako na biyu da na shida da wata na uku bai ba mu wahala ba, domin lokacin akwai sauran tsoro. Ranar cika shekara, Yulin 2024, ita ce ta zama rigima. Yaya ya ce, "Me zan je yi? Lafiyata ƙalau, in bar aikin mutane in je in yini a layi don a ce mini sannu?" A nan ne mutane da yawa ke yanke zumunci da likitansu. Abin da ya sa ake son hoton ƙashi lokaci-lokaci shi ne, robar nan tana cinyewa kaɗan-kaɗan, ƙarfen kuma na iya fara sassautawa ƙashin da ke kewaye da shi yana zaizayewa, mutum bai ji komai ba sai abu ya yi nisa. In an gani da wuri gyaran ƙarami ne, in an makara sai babban aiki wanda ya fi na farko wuya da tsada. Shi Charnley ɗin da muka ambata, saboda tsananin bin diddigi har roƙon waɗanda ya yi wa aiki yake su yarda a ciro ƙarfen bayan sun mutu don ya ga yadda ya ci. Mu ba a nemi haka daga gare mu ba, yini ɗaya aka nema.

Akwai kuma lissafin da ya kamata mai ƙuruciya ya yi. Wani bincike da masana na jami'ar Bristol suka buga a mujallar likitoci ta Lancet a 2019 ya nuna cewa cikin irin waɗannan ƙarafa 100, kusan 89 suna kai shekara 15, kusan 70 suna kai shekara 20, kusan 58 kuma suna kai shekara 25. Ga tsohuwa mai shekara 75 wannan albishir ne. Ga mai shekara 43 kuwa ma'anarsa ita ce, in Allah ya ba da tsawon rai, akwai yiwuwar wata rana a sake buɗewa. Da wannan lissafi muka shawo kansa, tela ba ya gardama da awo. Mma ta ƙara da nata, ta ce in bai je ba ita za ta je ta karɓo masa kati ta zauna a layin.

Ya je, kuma ya sake zuwa a Yulin 2025. Ƙugun dama yana nan daram yadda aka kafa shi. Amma da yake likita yakan ɗauki hoton ɓangarorin biyu tare, don ciwon nan a jikin masu sikila sau da yawa ba ya tsayawa gefe ɗaya, sai ya nuna mana wani ɗan duhu a kan ƙashin hagu wanda babu shi a hoton farko. Bai lotsa ba, Yaya ma bai fara jin komai ba. An ce ya rage ɗaukar kaya masu nauyi, ya riƙe ruwa da asibitin masu sikila da kyau, a kuma riƙa duba wurin duk wata shida maimakon shekara. Hotunan duka suna cikin babbar ambulan a saman durowar Mma, kowanne da kwanan wata a rubuce, matarsa kuma ta shiga sabon adashi. Kujerar katako da ɗayar mai labule mun ba da aronsu ga wani gida a Sabon Zango inda tsohuwarsu ta karye, da sharaɗin a dawo mana da su in an gama.